Katin Habila da Taubashinsa

Akwai wani mutum, manomin barkono, sunansa Habila. Dattijo ne mai kunya, irin mutanen nan da in ka taka musu ƙafa, su ne za su ce maka yi haƙuri. Matarsa ta daɗe da yin barci cikin Ubangiji. 'Ya ɗaya gare shi, Afiniki, ita kuma aikin jinya ya ɗauke ta da mijinta zuwa wata ƙasa mai nisa, can ƙetaren teku.

Habila yana da 'yar ƙaramar waya mai tocila. Murya kaɗai take kawowa, ita ma sai ya hau tudun bayan gida, yana ɗaga hannu sama yana neman sabis. Amma a garinsu akwai laburare, wato ɗakin karatu na jama'a, inda aka jera kwamfutoci aka haɗa su da intanet mai ƙarfi. A duk garin, nan ne kaɗai mutum zai zauna ya ga fuskar wanda ke nesa suna magana. Saboda haka Habila ya wanke ƙafa, ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya je neman kati.

Mai tsaron laburaren wata mata ce, Malama Keziya. Ba ta da mugunta, amma ba ta tauna magana. Ta rubuta sunansa a kan kati, ta riƙe katin a hannu, ta ce, "Baba, kafin in ba ka, saurara. Kwamfutar nan ta kowa ce, in lokacinka ya cika ka tashi wani ya zauna. Ba a ci ba a sha a gabanta. Ba a buɗe shafin caca, ba a buɗe na batsa. In za ka tashi, ka rufe shafinka ka zare katinka. Babbar cikinsu kuma, kada ka ba kowa katinka, kada kowa ya zauna a kan sunanka. Duk abin da aka yi da katin nan, kai ka yi."

Habila ya ce, "'Yata, ni da ko ludo ban iya ba, ina ni ina caca?"

Ta ce, "Ban ce za ka yi ba, Baba. Na dai faɗa maka."

Haka Habila ya zama ɗan gida a laburare. Da yatsa ɗaya yake danna madannai, yana lallaɓa su kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake, amma yana isa inda za shi. Duk ranar kasuwa sai ya ga fuskar Afiniki. Ya kiyaye dokokin nan sarai, ko goro ba ya shiga da shi a baki.

Ana nan, sai Afiniki ta haihu, ta sami 'ya mace. Tana kwance a asibiti ta kira shi ta 'yar wayarsa, ta ce, "Baba, kai za ka raɗa mata suna. Ran suna ka je laburare, zan ɗaga maka ita ka gan ta da idonka, ka sa mata albarka. Dangin mijina duk za su taru, su ma su gan ka." Kai! Ranar nan bakin Habila ya ƙi rufuwa. Har awakinsa sai da ya ba su labari.

Ana saura kaɗan a yi suna, ya je laburare don ya gwada kiran, kada ran taro ya ji kunya. Yana zaune, katinsa a cikin kwamfutar, sai ya ji an fizge hularsa ta baya.

"Bawana! Wa ya ba bawa izinin zama a kujera, ubangidansa yana tsaye?"

Yunana ke nan, ɗan kawun Habila, wato taubashinsa. Kun dai san wasan taubashi. Ɗan namiji ya ce shi ne ubangida, ɗan mace bawansa ne. Ya ɗauke maka hula, ya ɗauke maka kaza, ya zage ka a tsakiyar kasuwa, kai kuma dariya za ka yi, domin wanda ya yi fushi da taubashinsa shi ne abin dariyar dangi har jikoki. Al'ada ce mai kyau, tana riƙe zumunci, ni ma ina da nawa taubashin, kuma ban bar shi ya huta ba. Sai dai shi Yunana ya mai da wasan hanyar cin abinci. Kowa a garin ya san an karɓe nasa katin tuntuni saboda cacar ƙwallo, Habila ma ya sani.

Habila ya yi dariya ya ce, "Ubangidan da ba shi da ko kati? Ba ni hulata."

Yunana ya jefa masa hular ya ce, "Tashi in duba wani abu, yanzun nan zan ba ka."

"An hana, Yunana."

"An hana baƙo. Ni baƙo ne? Uwarka da ubana ciki ɗaya suka fito. Ko ka zama Bature ne, don 'yarka tana ƙetare?"

Mutanen da ke kusa suka fara murmushi. Habila ya waiga, ya ga Malama Keziya ta juya baya tana jera littattafai. Zuciyarsa ta ce masa kada ka tashi. Amma kunya ta kama shi, kada a ce ya kasa ɗaukar wasa. Ya tashi, ya bar katinsa a ciki, ya tsaya a gefe yana murza hula. Bai ma san abin da Yunana yake buɗewa ba, ya dai ga hotunan 'yan ƙwallo da lambobi suna ta walƙiya.

Ashe duk shafin da aka buɗe a ɗakin yana fitowa a kwamfutar mai tsaro, da sunan mai katin a gefensa. Malama Keziya ta koma teburinta, ta duba, ta taso. Kafin ta iso, Yunana ya tuna yana da uzuri a tasha, ya sulale.

Ta zare katin, ta sa a aljihunta.

Habila ya ce, "'Yata, ba ni ba ne!"

"Na sani, Baba."

"To, tun da kin sani! Taubashina ne, ba a hana taubashi. Kema ai kina da naki."

Ta ce, "Ina da shi, ya sha cinye mini tuwo. Amma sunan wa ke kan katin nan? Wa ya tashi ya ba shi kujera? Sai ƙarshen shekara za ka karɓa, haka dokar take a kan kowa."

Habila ya sa hularsa. Ya fita yana faɗa shi kaɗai a hanya: laifin Yunana ne, laifin matar nan ne mai taurin kai, laifin wanda ya ƙirƙiro kwamfuta ne. Kowa ya sami rabonsa na laifi, ban da mutum ɗaya. Ya kasa gaya wa Afiniki. In ta kira ta ce, "Baba, ka shirya?" sai ya ce mata sabis ba kyau.

Ran suna ya yi wanka, ya sa rigar sujada, ƙafafunsa suka kai shi laburare, shi kansa bai san me zai yi a can ba. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya zo biki ba gayyata. Wayarsa tana ta ƙara a aljihu, ya san 'yarsa ce, ya san surukai sun taru suna jira.

Wata mata daga zumuntar matan ikilisiyarsu tana zaune a kwamfutar da ke kusa da ƙofa. Ta ji labarin abin da ya faru, tausayi ya kama ta. Ta yafito shi, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Baba Habila, zo ka zauna a kan nawa. Malama ba ta kallon nan. Ka ga jikarka ka tashi, wa zai sani?"

Jama'a, ya so ya zauna. Ya so ƙwarai, har ya ɗora hannu a bayan kujerar. Sai ya dubi katin matar nan da sunanta a kai, ya ga abin da yake shirin zama. Shi ne yau, kamar Yunana, a tsaye a bayan kujerar wani, ba shi da kati, yana neman a tashi a ba shi.

Ya janye hannunsa ya ce, "Allah ya sa miki albarka, 'yata. Zauna a kujerarki."

Ya taka har gaban teburin Malama Keziya, ya cire hula, dattijo da furfurarsa, ya ce, "Malama, ban zo roƙon kati ba. Na zo in gyara maganata. Na ce miki ba ni ba ne. Ni ne. Kin faɗa mini doka, na ji da kunnena, na san halin Yunana, na tashi na ba shi. Yau ake sunan jikata, ba zan gan ta ba, kuma ni na jawo wa kaina."

Ta dube shi. Sa'an nan ta ce, "Katinka yana nan sai ƙarshen shekara, Baba. Ban isa in canza wannan ba."

Ya ce, "Na sani." Ya juya zai tafi.

Ta ce, "Ina za ka? Zagayo ta nan." Ta tashi daga kujerarta, ta juya masa tata kwamfutar. "Wannan a kan sunana take. Ni aka damƙa wa ɗakin nan, ina da ikon zaunar da mutum a teburina in tsaya a kansa. In an tambaya, ni zan amsa, ba kai ba. Faɗa mini sunan 'yarka."

Ba a jima ba fuskar Afiniki ta cika allon, tana cewa, "Baba, ina ka shiga? Ga ta nan!" Ta ɗago jaririya cikin farin zane, 'yar mitsitsiya, tana hamma. Habila ya fashe da kuka a gaban surukansa, bai ji kunyar kowa ba. Da ƙyar ya iya cewa, "Amaryata, sannu da zuwa. Sunanki Damaris. Ubangiji ya raya ki."

Ma'anar wannan misali ita ce: laburaren nan duniya ce. Ba tamu ba ce, an ba mu zama ne na ɗan lokaci, wasu suna jira a bayanmu. Katin shi ne ran da Allah ya ba kowannenmu, da sunanka a kai, ba sunan gidanku ba. Dokokin kuwa umarnansa ne, kuma ba a ɓoye mana su ba, an faɗa mana tun ran farko.

Yunana shi ne jaraba. Ku lura, bai zo da ƙaho da wutsiya ba. Da dariya ya zo, da zumunci, da "haba, ni ne fa". Yawancinmu ba mugunta ce take kayar da mu ba, kunya ce. Abokinka ya ce raka ni wurin da ka san bai kamata ba, 'yar'uwarki ta ce faɗi ƙarya ɗaya ki rufa mini asiri, sai mu tashi mu ba su kujera don kada a ce mun cika tsanani. Ku yi wasa da taubasanku, ku yi zumunci, ban hana ba. Amma ranka ba hula ba ce da za a fizge ka yi dariya. In sun gama sun sulale, sunanka ne yake nan a rubuce.

Katin matar nan mai tausayi shi ne kirkin wani. Wasunku kuna lissafin shiga Mulkin Allah a kan bangaskiyar uwarku, ko don babanku dattijon ikilisiya ne. Ba za ta ɗauke ku ba. Uwarku ma katinta na mutum ɗaya ne.

Kada wani ya je gida ya ce malami ya ce Malama Keziya ce Ubangiji, ban ce ba! Amma teburin nan nata yana nuna mana abin da Yesu Almasihu ya yi. Bai share doka ba, bai ce laifinmu ba laifi ba ne. Tashi ya yi daga kujerarsa, ya zaunar da mu a kan sunansa, ya ce in an tambaya shi zai amsa, ya kuwa amsa a kan gicciye. Shi ya sa ba ma rufe addu'a da sunan kanmu.

Abu ɗaya Habila ya kawo gaban teburin nan, ba kati, ba hujja, ba wanda zai roƙa masa. Muddin yana cewa "ba ni ba ne", a bakin ƙofa yake tsaye, wayarsa tana ƙara. Akwai waninmu a nan da ya daɗe a bakin ƙofar nan, yana raba laifinsa ga mutane, ga uwa, ga aboki, ga Shaiɗan. Ɗan'uwana, ana jiranka a ciki. Cire hularka, ka taka, ka ce, "Ni ne."