Kafinta da Mangwaron da Ya Ƙi Zama Paparanda

Akwai wani kafinta da mahaifiyarsa ta tsufa, haƙoranta suka zube, amma son mangwaro bai bar ta ba. Sai dai mai zare yana wahalar da ita. Saboda haka ya je wurin wani tsoho mai lambu ya sayo dashen paparanda, mai manyan 'ya'ya marasa zare.

Tsohon ya nuna masa wani ɗaurin leda a jikin dashen ya ce, "Ɗana, wannan ɗan aure ne. Tsaya in gaya maka yadda..."

Kafinta ya katse shi da dariya. "Baba, shekara ashirin ina aikin katako. Ni za a koya wa itace?"

Ya dasa shi a bayan ɗaki, kusa da wurin wanke-wanke. Bayan wata huɗu sai wani toho mai ƙarfi ya fito daga ƙasan ɗaurin, ya wuce na saman tsawo. Kafinta ya ga na saman duk ya rame, ya sa wuƙa ya fille shi.

Shekara biyar ana ba bishiya ruwa. Da ta yi 'ya'ya, sai ga su ƙanana kamar ƙwan kaza, zare kuwa kamar an cusa buhu a ciki.

Kan kafinta ya ɗaure. Ya kira mutane su gani. Wani ya ce irin mangwaron nan bakin aku ne, wani ya ce paparanda ne da bai samu taki ba. Surukinsa ya murza ganye ya shinshina, ya ce shi dai mangwaro ya ji. Matarsa ta ce, "Baban yara, ko dai ruwan sabulu ne ya ɓata shi?"

Ya zuba taki, ya sauya hanyar ruwa, ya jira wata shekarar. Zare bai ragu ba.

Daga nan ya fara gaya wa duk wanda ya shigo shagonsa cewa mai lambu macuci ne. Maganar ta kai kunnen tsohon bayan masu saye sun fara ja da baya. Da kansa ya tako har gidan.

Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa a gindin bishiyar yana shafawa, har yatsansa ya tsaya a kan wani tsohon tabo.

"Wa ya yanke nan?"

"Ni ne. Reshen banza ne, ba ya girma."

"To, shi ne paparandan."

Kafinta ya dubi tabon, ya dubi bishiyar. "Ban gane ba, Baba. Wannan da ke tsaye fa, wane ne?"

"Gindi ne. Ƙwallon mai zare muke shukawa saboda saiwarsa na jure fari da ciwo, sannan mu aura masa reshen mai daɗi a sama. Kai ka kori amarya, ka zauna kana yi wa gindi hidima."

Mahaifiyarsa da ke zaune a tabarma ta ce, "Wato shekara shida ni ɗan banzan zare nake jira?"

Kunya ta sa kafinta ya ce bari ya ɗauko zarto ya kayar da ita. Tsohon ya riƙe hannunsa. "Yanzu ma za ka yanke kafin ka tambaya? Gindi irin wannan nemansa ake yi."

Washegari ya dawo da rassa uku na paparanda, ya aura su, bai karɓi komai ba. A shekara ta biyu suka yi 'ya'ya.

Kafinta ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana janye maganarsa. Wasu ya same su. Wasu kuwa sun riga sun kai maganar inda ƙafarsa ba za ta je ba.

Darasi: Sanin abu ɗaya ba sanin komai ba ne. Saurari mai sana'a har ya gama magana, kuma kafin ka ɓata sunan wani, duba ko wuƙar tana hannunka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai su ma su amfana.