Mutumin da Ya Shafe Hanyar Gidansa

Akwai wani mutum mai gida a bakin gari, wanda matarsa ta rasu bayan girbi. 'Ya'yansa suka zo jana'iza, suka yi kwanakin makoki, kowa ya koma inda yake zama. Gidan ya rage daga shi sai kujerarsa.

Tsakanin shingen gidan da ƙofar ɗaki akwai fili, a tsakiyar filin kuwa akwai wata siririyar hanya. Ba wanda ya fitar da ita da fartanya. Ƙafafu ne suka yi ta: ƙafar matar in za ta rijiya ko majami'a, da ƙafafun matan zumunta, da masu aron turmi, da waɗanda hira kawai take kawo su. Shekara da shekaru ana takawa har ta lotsa, ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Kowace safiya in ya buɗe ƙofa, ita idonsa yake fara gani, sai ya ji kamar yanzu matar za ta ɓullo da tulu a ka. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai.

Sai ya ƙudura zai shuka ciyawa a filin duka, irin kiri-kirin nan mai shimfiɗa a ƙasa. Ga wanda ya tambaye shi, yakan ce don jikoki ne in sun zo Kirsimeti. Amma ba ciyawa yake so ba, hanyar ce ba ya son gani.

Ya sa diga ya farfasa ƙasa, ya tsince duwatsu da saiwoyi, ya watsa taki, ya bi da manjagara. Ya kafa turaku, ya ja igiya, yana jan dogon katako a kan ƙasa don tudu ya cike kwari. Maƙwabta suka ce za su kama masa, ya ce ya gode, aikin bai fi ƙarfinsa ba. Da ruwan farko ya sauka, ya fito ya duba, ga ruwa kwance tun daga shinge har ƙofar ɗaki, daidai inda hanyar take. Ya sake ɗebo ƙasa a baro ya zuba, ya dandaƙe, ya baje. Haka ya yi ta yi har filin ya daidaita, ko alamar hanya ba ta rage ba.

Ciyawa ta kama, ta yi kore shar. Shi kansa ba ya taka ta, sai ya riƙa zagayawa ta ƙofar baya.

A ƙasar nan kuwa ba a taka shukar mutum. Mai zuwa gaisuwa ya iso bakin shinge, ya ga shuka har bakin ƙofa, ya ga mai ita ma zagaye ta yake yi, sai ya tsaya daga can ya ɗaga murya ya tambayi lafiya, ya wuce. Gaisuwar tsaye ba ta daɗewa. Sannu a hankali ta koma ɗaga hannu. Mutumin yana zaune a kujerarsa, gabansa fili mai kyau wanda babu irinsa a unguwar, ba kuma wanda yake shigowa. Ya ce a ransa ashe dā ma don matar ake zuwa. Zuciyarsa ta yi ɗaci, kaɗaici ya yi masa nauyi, har zuwa sujada ya daina.

Wata rana da hantsi wata tsohuwa, aminiyar matarsa, ta zo da kwanon kunu, ta tsaya a bakin shinge ta yi sallama. Ya amsa daga zaune, ya ce ashe har ita ma ta daina shiga gidansa.

Ta ce, “Baban Rifkatu, ta ina zan shiga? Ba ka bar mana inda za mu sa ƙafa ba.”

Ya dubi filin. Sa'an nan ya ce, “Taka ki shigo.”

Tsohuwar ta cire takalmanta ta taho. Ba ta dubi ƙasa ba, amma ƙafarta ta bi daidai inda tsohuwar hanyar take, har da 'yar karkatar da ake yi kusa da ƙofa. Mutumin ya ga ciyawa tana kwanciya a bayanta, sai ya rufe fuska ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ta zauna a dakali ta jira shi. Da ya gama, ya sha kunun.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Filin nan zuciyar mutum ce. Hanyar kuwa ita ce wurin da ƙauna ta yi ta bi har ta bar gurbi, shi ya sa in an yi rashi nan ne yake ciwo. Da yawa a cikinmu muna zuba ƙasa a wurin, mu baje, mu shuka “lafiya lau” a kai. Mutane su ga mun yi kyau daga nesa, su gaishe mu daga bakin shinge, mu kuma mu ce ikilisiya ta manta da mu. Amma ta inda yake ciwon nan ne Ubangiji yake aiko da ta'aziyya, sau da yawa kuma a hannun tsohuwa mai kwanon kunu yake aiko ta.

Kai da ka shafe hanyarka, akwai wanda yake tsaye a bakin shingenka yau, hannunsa ya gaji da riƙon kwano. Ba zai taka shukarka ba sai ka ce masa ya shigo.