Taurarin Iya Tabawa

Ku kife wayoyin nan tukuna, ku ara mini kunnuwanku. Labarin ma a kan wayoyin yake, kuma in na gama akwai shari'ar da za ku yanke mini.

A Funtuwa, bakin titin da motoci ke bi zuwa Gusau, akwai wata mata da ake kira Iya Tabawa. Shekara ashirin da bakwai tana tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe a wuri ɗaya, kuma da tuwon nan ta reni 'ya'yanta uku bayan rasuwar mijinta. A da, direba ne ke gaya wa fasinja inda za a tsaya a ci abinci. Yanzu kuwa kowa sai ya duba waya, domin akwai shafin da masu ci ke rubuta yabo ko suka, su ba gidan abinci taurari daga ɗaya zuwa biyar. Iya ba ta san da shafin ba, ko boko ba ta yi ba, amma taurarinta sun kusa biyar.

Cikin azumin wata shekara sai zagi ya fara zubowa a shafin, arba'in da wani abu cikin mako biyu. Wannan ya ce naman jaki aka ba shi, wancan ya ce kyankyaso ya tsinta a miya, wata ta ce daga can asibiti aka wuce da ita. Duk sunaye ne da ba wanda ya taɓa ji. Har yau ba a san wanda ya biya su ba. Ana zargin wane da wane, amma ni ban gani ba, ba zan ɗauki alhakin kowa ba.

Bayan salla motoci suka riƙa wucewa, ko rage gudu ba sa yi. Iya ta tuƙa tuwo ya kwana, ta rage, ya sake kwana. Ranar da maƙwabciyarta ta gaya mata abin da ake faɗa, ajiye muciya ta yi ta zauna a ƙasa. "Jaki? Ni Tabawa?" Abin da ta iya cewa ke nan. Jininta ya hau, ta kwanta, ta ce a rufe wurin. Wallahi na tausaya mata, don ba rashin ciniki ne ya kayar da ita ba, ɓacin suna ne.

Wani ɗan gari ya zo dubiya, ya ce zai iya samo yabo ɗari na saye a binne zagin. Daga kwance Iya ta ce, "Ƙarya ce ta kwantar da ni, ɗan nan, ba ita za ta tashe ni ba." Sai 'ya'yanta suka roƙe ta ta ba su wata guda kafin a rufe.

Hansatu, ta tsakiyarsu, malamar firamare ce, kuma kun san mai satar amsa ba ya wuce malamar da ta saba duba littafi. Ta kwafe zagin nan kaf a takarda, tana rubuta cin mutuncin mahaifiyarta da hannunta tana share hawaye. A karatu na uku ta lura: talatin da ɗaya daga cikinsu sun ce da azahar suka ci, kuma kwanan watan duk cikin azumi ne. Alhali tun da Iya take, ba ta taɓa hura wuta kafin la'asar a watan azumi ba. Ashe 'yan hayar suna can nesa, ba su ma san watan da ake ciki ba. Ga hujja a hannu, sai dai hujjar da ke kwance a takarda ba ta goge komai a waya.

Sagir, ƙaraminsu, mai gyaran waya ne a kasuwa, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ya rufe rumfarsa mako uku, abokan cinikinsa suka koma wajen wasu. Ya sha wahala kafin masu shafin su yarda wurin na mahaifiyarsa ne, sannan ya tura musu hujjar Hansatu. Na'ura ce ta amsa, ta ce ba ta ga laifi ba. Ya sake turawa, ta sake cewa haka, har sau goma sha ɗaya. Wani da tuni ya jefar da wayar, shi kuwa sai ƙara nacewa yake. A na goma sha biyu koken ya faɗa hannun mutum mai rai, aka share zagin baki ɗaya. To amma magana zarar bunu ce: ta riga ta bar waya ta shiga tasha da majalisa.

Mamuda, babbansu, direban bas ne, wayarsa ma 'yar ƙarama ce mai tocila. Ya tafi wurin Sarkin Fawa, wanda ya yi shekaru yana sayar wa Iya nama amma ya yi gum don kada abin ya shafe shi. Sai da Mamuda ya sa aka nuna masa an share ƙaryar kafin ya yarda ya fito. Ranar kasuwa aka yanka sa a bainar jama'a, aka ɗora tukwane a bakin titi, aka zaunar da Iya a kujera tana cewa a ƙara wannan, a rage wancan. Mamuda ya tsaya gaban 'yan ƙungiyar direbobi ya ce, "Duk wanda cikinsa ya ɓaci, ku cire ni daga layi, kada in ƙara ɗaukar fasinja a tashar nan." Shi ya fara kai loma. Gani ya kori ji. Direbobi suka dawo da tsayawa, fasinjoji suka rubuta abin da bakinsu ya ɗanɗana.

Iya ta miƙe, amma likita ya hana ta zama kusa da wuta har abada. Ta tara su ukun ta ce, "Allah ya yi muku albarka, kun mayar mini da sunana. Sai dai mutum ɗaya zan danƙa wa wurin nan, don na ga yadda gidan abinci ke mutuwa in masu ludayi sun yi yawa." Kowannensu ya ce a shirye yake ya bar sana'arsa ya riƙe. Ta kunce makullin daga bakin zanenta, ta dubi Hansatu, ta dubi Sagir, ta dubi Mamuda, hannunta ya kasa miƙuwa.

To jama'a, ku taya ta. Wadda ta gano ƙaryar, da wanda ya goge ta a waya, da wanda ya goge ta a bakin mutane, wa za ta miƙa wa makullin?