Sai-da-ni da Yarjejeniyar Direbobi

An yi wani ɗan majalisa da abokan aikinsa suke kira Sai-da-ni. Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba, amma sunan ya zauna masa daram. Shi ne shugaban kwamitin harkokin waje na majalisar ƙasarsu, kuma a faɗi gaskiya ya san aikinsa. Ba ya karɓar na goro, ba ya gyangyaɗi a zauren majalisa irin na waɗanda sai an tashi jefa ƙuri'a suke farkawa su ce sun amince. Aibinsa guda ne, girman kai. Bai iya jure a tsallake shi ba. Matarsa takan tsokane shi ta ce ko ruwan sama ne ya sauko bai sani ba, sai ya tambayi wanda ya ba da izini.

Mutum ɗaya ce a duniya take faɗa masa ya ji, ita ce yayarsa. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, da keken ɗinkinta ta tsaya masa har ya gama karatu. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, wani saurayi mai yawan raha da ake kira Dogo, direban babbar mota, yana ɗaukar kaya zuwa ƙasar da ke maƙwabtaka da su.

Ana nan sai rigima ta ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a kan iyaka. Maƙwabtan suka rufe hanya, suka kama direbobin da ke cikin ƙasarsu suka tsare, wai takardunsu sun daina aiki. Dogo yana cikinsu. Ministan harkokin waje ya yi ta kai gwauro yana kai mari, har Allah ya sa aka ƙulla yarjejeniya cewa kowace ƙasa za ta mayar wa 'yar'uwarta mutanenta. Sharaɗi ɗaya ya rage. Dokar ƙasa ta ce babu yarjejeniyar da za ta fara aiki sai majalisa ta amince, majalisa kuwa ba ta duba ta sai ta fito daga kwamitin Sai-da-ni.

To, kuskuren Minista shi ne bai tuntuɓi kwamitin ba, ko da wayar ban-girma. Sai-da-ni yana zaune a ofis yana shan shayi ya ga Minista a talabijin yana sa hannu, ana tafi, har yana cewa nan da 'yan kwanaki majalisa za ta buga hatimi. Ya dire kofin har shayi ya fantsama a kan tebur.

"Hatimi?" ya ce da magatakardan kwamitin. "Mu ne hatimin? To bari ya ga yadda hatimi ke ƙin bugawa."

A nan kam yana da gaskiya, kuma 'yan majalisa da yawa sun goya masa baya. Ɓangaren gwamnati ya daɗe yana ƙulla zance da ƙasashen waje a bayan idonsu, sai an gama a kawo musu kamar ragowar abinci. Ya dace a ja musu kunne. Sai dai tun daga ranar gaskiyar ta zama doki, girman kai ya hau. Sai-da-ni ya ce ba za a buɗe yarjejeniyar ba sai Minista ya zo da ƙafarsa ya tsaya gaban kwamiti ya ba da haƙuri a idon 'yan jarida. Minista shi ma ba baya ba ne wajen taurin kai, sai ya turo babban sakatarensa. Sai-da-ni ya ce shi ba ya magana da ɗan aike. Aka yi ta musayar baƙaƙen maganganu a rediyo, direbobi kuwa suna can a tsare.

Wata safiya Yaya ta zo majalisa. Ba ta taɓa zuwa ba, har sai da masu gadi suka tsare ta a ƙofa. Ta shiga ofishin ta ƙi zama a kujerar baƙi, ta tsaya tana murza bakin mayafinta.

"An ce maganar tana hannunka," ta ce. "Na ce ƙarya ne. Na ce da tana hannun ƙanena, da tuni yaron nan yana gida."

"Yaya, zauna mana. Abin ba haka yake ba. Akwai tsari."

"Ni ban san tsari ba. Jiya an ba su waya ya kira ni. Tari yake yi, da ƙyar nake jin abin da yake faɗa. Ya ce a ƙasa suke kwana, ɗakin kuma a jiƙe yake. Ka san ƙirjinsa tun yana ƙarami."

Sai-da-ni yana son Dogo kamar ɗan cikinsa. Amma ya daure ya ce, "In na sassauta yau saboda ɗana yana ciki, gobe da wane baki zan yi magana? Cewa za a yi na sayar da mutuncin majalisa don ɗan yayata. Ki ƙara haƙuri kaɗan. Ministan zai zo, dole ya zo."

"In ya zo sai me?"

"Sai mu amince a ranar."

"Ka yi mini alkawari?"

"Na yi miki, Yaya."

Ta tafi ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba.

Bayan 'yan kwanaki Dogo ya samu ya kira shi da kansa. Murya ta dushe, amma rahar tana nan. "Kawu, an ce kai ne ka riƙe mana makulli. Na ce musu ku kwantar da hankalinku, kawuna ba ya barin nasa a rana. Har sun naɗa ni shugaban ɗaki saboda kai." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, wayar ta yanke. Ranar Sai-da-ni bai iya cin abinci ba. Matarsa ta ce masa, "Don Allah ka kira mutumin nan ku gama a tsakaninku. Ai ba raguwa za ka yi ba." Ya ce mata ita ba ta san siyasa ba.

Matsin lamba ya yi yawa, iyalan direbobi suka fara zaman dirshan a ƙofar ma'aikata, har shugaban ƙasa ya umarci Minista ya je. Ya zo kuwa, a ranar ƙarshe kafin majalisa ta tafi dogon hutu. Da safe ya iso, aka ajiye shi a kan benci a barandar ɗakin kwamiti, 'yan jarida suna ta ɗaukar hotonsa.

Magatakarda ya raɗa wa Sai-da-ni cewa Minista yana waje. Sai-da-ni ya leƙa ta tagar ƙofa ya gan shi zaune yana share gumi, sai wani daɗi ya kama shi, irin daɗin da ba ya barin mutum ya yi tunani. Ya tuna watannin da aka yi ana raina su. Ya ce a ransa, bari shi ma ya ɗanɗana zaman jira. Ya sa aka ɗauko wasu batutuwa da ba su da gaggawa, aka yi ta tattaunawa a kan kujerun ofisoshin jakadanci da fentin gine-gine. Wani dattijo a cikin kwamitin ya matso ya ce, "Shugaba, ya isa haka. Wanda ya zo ai ya ba da haƙuri ko bai buɗe baki ba." Sai-da-ni ya ce a bari tukuna.

Niyyarsa ya kira shi gab da tashi. Amma aka buga ƙararrawar babban zaure da wuri, aka ce kowa ya hallara don rufe zama. 'Yan kwamiti suka watse, waɗanda suka rage ba su kai adadin da doka ta yarda a yanke hukunci da shi ba. Minista ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Aka rufe majalisa yarjejeniyar tana kan tebur.

Sai-da-ni ya lallashi zuciyarsa da cewa hutu ai ba shekara ba ne, ranar da aka dawo, da yarjejeniyar za a fara. Jaridu suka yi ta yabonsa, wai ya nuna wa gwamnati iyakarta. Yaya ta kira shi a waya, ya kalli sunanta har ta katse, don bai san abin da zai ce mata ba.

Hutun bai yi nisa ba, wata safiya mai gadin gidan Sai-da-ni ya ce masa yana da baƙo. Ya fito ya tarar da Minista a tsaye a tsakar gida, shi kaɗai, babu 'yan rakiya babu 'yan jarida.

"Ban so ka ji a rediyo ba," Minista ya ce. "Jakadanmu ya kira ni. Ɗaya daga cikin direbobin ya rasu jiya, ciwon ƙirji. Sai yau na san ɗanka ne. Da na zo tun farko da ba a kai nan ba. Ka yafe mini."

Ga haƙurin da ya yi watanni yana nema an kawo masa har gida. Sai-da-ni ya zube a kan matakala yana kuka kamar ƙaramin yaro. Bai iya zuwa ya faɗa wa Yaya ba, matarsa ce ta je.

Aka kira zaman gaggawa. Yarjejeniyar da ta yi watanni a ajiye ba ta ɗauki tsawon shan shayi ba aka amince da ita, babu wanda ya yi musu. Ranar da aka dawo da direbobin, tashar mota ta cika maƙil. Motocin safa suka shigo, mutane suna sauka a rame, mata da yara suna rungume su suna kukan murna. A can baya wata farar motar asibiti ta shigo a hankali ta tsaya a gefe.

Yaya tana tsaye a wurin, idonta a bushe. Sai-da-ni ya ja ƙafa ya je gabanta ya durƙusa a cikin jama'a. Ta dube shi.

"Ministan ya zo?" ta tambaya a hankali.

"Ya zo, Yaya."

"Ya ba ka haƙurin?"

Ya ɗaga kai alamar e, hawaye suna zuba.

"To madalla, ka samu naka," ta ce. "Matsa mini in karɓi nawa."

Ta wuce shi ta nufi farar motar. Bai ƙara tsayawa takara ba, kuma har Yaya ta koma ga Mahaliccinta yana zuwa gaishe ta, tana amsawa, amma ba ta ƙara tambayarsa komai ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mutum yana iya kasancewa da gaskiya, girman kai ya ɓata masa ita. Doka ta raba iko tsakanin majalisa da gwamnati ne don a tsare mutane, ba don manya su gwada wa juna ƙwanji ba. Duk wanda Allah ya ɗora a kan kujera, ya riƙa tunawa cewa a bayan kowace takarda da ya danne akwai wani mai rai da yake jira, kuma ba kowa ne zai kai lokacin da zuciyarsa za ta huce ba. Ka tsaya a kan haƙƙinka, amma idan abokin jayayya ya sauko, kai ma ka sauko a lokacin. Girman kai rawanin tsiya ne, da-na-sani kuwa ƙeya ce, a baya take.