Giwar da Jatau Ya Kashe

An yi wani dagaci a Tudun Gwanki, sunansa Barmo, jikan jikan Jatau Kashe-Giwa. Wata shekara dorina ta addabi fadamarsu. Maroƙa suka yi ta zuga shi da kirarin kakansa, har ya rantse shi kaɗai zai kashe ta. Da ya ɗauki mashi ya ji ya yi masa nauyi, sai ya tafi wurin wani tsohon kunkuru da ke bayan rumbunsa, wanda ya ga zamanin Jatau, don ya ji yadda aka kashe giwar.

Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni aman in faɗi gaskiya?"

Barmo ya ce, "Na ba ka. Faɗi."

Kunkuru ya ce, "A zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, kakanka Jatau yana cikin ayari. Ƙato ne, ga tumbi. Yana da wata ƙatuwar jaka, macen jaki, da ake kira Giwa. A hanyar dawowa ya labta mata goro, ya hau kan kayan, ta faɗi ta mutu. Labari ya riga shi isowa gida: Jatau ya kashe Giwa! Aka tarye shi da kalangu, shi kuwa bai gyara musu zancen ba.

"Ana nan sai giwar gaske ta shigo gonaki. Gari ya taru a ƙofarsa. Kunya ta sa ya ɗauki kwari da baka. Matarsa Tabawa ta tare shi a soro ta ce, 'Maigida, tsaya ka ji abin da ya sami wani zakara.' Ya ce, 'Me ya same shi?'

"Ta ce, 'An gaya wa zakaran nan cewa kakansa ya taɓa korar kura da cara ɗaya. Ba a gaya masa cewa ranar akurkin ne ya kama da wuta ba. Da kura ta zo, kaji suka hau bishiya, shi ya tsaya ya miƙe wuya. Bai kai rabin cara ba. To, Maigida, ni na san Giwar da ka kashe, ni nake ba ta dusa.'

"Nan take Jatau ya kwanta ya ce cikinsa ke murɗawa. Aka kira maharba suka yi aikinsu. Ya rayu, ya haifi 'ya'ya, har aka kai gare ka. Da ya fita ran nan, ranka ya daɗe, da yau babu wanda zan ba wannan labari."

Barmo ya jingine mashin a jikin rumbu ya ce, "Allah ya ji ƙan Tabawa. Maza a aika bakin kogi a kira Sarkawa, dorina aikinsu ce. In kuma maroƙa sun zo, a ce musu ni ma cikin nan ya fara."