Igiya Ta Dawo: Waƙar da Aka Cire wa Matattunta

Akwai wani mai gurmi a Tajaye, sunansa Mato. A lokacin farin 1984 samari huɗu na garin suka shiga yasar tsohuwar rijiya, ƙasa ta rufta da su. Da aka ja igiya, ita kaɗai ta fito.

Mato ya yi musu waƙa, "Igiya Ta Dawo". A tsakiyarta yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya: Takama, Yari, Sajo, Maman. In ya zo wurin nan, gurmi ma tsayawa yake yi.

Wani direba ya ɗauke ta a kaset ya kai tashar Konni, ta bazu. Matan kiɗan ƙwarya na Malbaza suka yi tasu, ba su taɓa ko suna ɗaya ba. Wani a tsallaken iyaka ya yi ta da fiyano, shi ma ya bar sunayen.

Sai ga Chindo, mai jita a Konni, mai farin tabarau da bakin ganga. Ya ƙara mata sauri ta zama ta rawa. Da ya zo kan sunayen, sai ya ɗauka irin masu liƙin nan ne da mawaƙa ke wasawa. Ya watsar da su, ya jera alhazan garin a gurbinsu. Na farko Alhaji Iliyasu mai motoci.

Kaset ya yi kasuwa, har yara sun ɗauka Chindo ne ya ƙirƙiro ta.

Mato ya hau mota ya same shi.

"Ɗana, ban zo don kuɗɗi ba. Ka rera, Allah shi ba ka sa'a. Amma mutanen ga da kac cire, matattu na. Ka maishe su."

Chindo ya yi dariya har da tafa hannu. "Tsoho, matacce na liƙi?"

Wallahi duk lokacin da na tuna maganar nan sai raina ya ɓaci. Rashin sani uzuri ne, amma wannan an gaya masa, ya ji, ya zaɓi aljihunsa. Mato ya koma gida.

A 1993 Alhaji Iliyasu ya aurar da 'yarsa ga wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Tajaye. Ranar walima da la'asar, dangin ango suka cika rumfa. Chindo ya saki waƙarsa, 'yan Konni suka tashi rawa. Mutanen Tajaye ko ɗaya bai motsa ba.

Yana kiran sunan Alhaji, sai uwar ango, Inna Gimbiya, ta miƙe da sandarta.

"Kai, mai kiɗi, tsaya! Ina Takama?"

"Wane Takama, Inna?"

"Ɗana na fari. Nan wurin da kas sa Alhaji, nan sunanai yake. Ban ga gawatai ba, ba ni da kushewar da za ni nuna. Waƙar ga ita ɗai ta rage min."

Alhaji ya juyo a hankali ya dubi Chindo.

"Ka san da haka?"

Chindo ya shiga kame-kame. Wani daga dangin ango ya ce, "Ya sani. Mato ya tahi har Konni ya hwaɗa mai."

Alhaji ya cire hula. "Shekara biyar kana kirana a layin matattu, ni ko ina ta yi maka liƙi ina murna? Tattara kayanka ka hita gidana!"

Kafin mako ya zagayo, sauran alhazan uku sun aiko a cire sunayensu. Ba wanda ya sake gayyatar Chindo biki, don kowa na tsoron ya ji sunansa a bakinsa.

Amma a ranar, bayan Chindo ya fita, Alhaji ya durƙusa gaban tsohuwar ya ce ta faɗi sunayen. Ta faɗi uku. Da ta zo kan na ɗanta muryarta ta ƙi fita, sai mutanen Tajaye suka faɗa mata shi baki ɗaya.

Darasi: In ka ari abin wani, ka tambayi abin da ke cikinsa kafin ka mai da shi abin rawa. In kuma an gaya maka gaskiya ka yi dariya, to ka saurari ranar kunyarka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu ɗaukar na mutane su ce nasu ne.