Fuskar da Manhaja Ta Shafe

Akwai wani mai hoto da abokan sana'a ke kira Shap-Shap, don aiki ba ya kwana a hannunsa. Ni dai tun da na san shi, saurin nan nasa tsoro yake ba ni.

Shago ɗaya suke da yayansa. Shi yayan hoto ɗai-ɗai yake buɗewa, ya kira fulogin, wato ƙananan kayan gyara da ake ɗora wa manhaja, ya taɓa haske, ya rage inuwa, ya tsaya ya ƙura ido. Shap-Shap kuwa ya samo manhajar da ke haɗiye hoto ɗari uku a tashi guda, kowa ya fito da fata sumul kamar ƙwai. Don kada kwamfuta ta cika, ya saita ta tana ɗora sabon hoto a kan na asali, tana shafe shi. Yayan ya yi faɗa har ya gaji, kullum amsar ita ce zamani ya wuce shi.

Wata safiya wata malamar makaranta ta kira Shap-Shap gidansu. Mahaifinta tsohon mai walda ne, ciwo ya ci ƙarfinsa, kuma bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba sai ranar. Aka zaunar da shi kusa da taga, numfashi na fita da ƙyar. Goshinsa da tabon ƙuna, fuskarsa duk tamoji.

Da ta rako mai hoton ƙofa, ta rage murya ta ce, "Malam, don Allah ka kula. Ba mu da wani hotonsa, kuma ba na jin za a sake."

Ya ce ta kwantar da hankalinta.

A shago ya zuba hotunan tsohon cikin folda ɗaya da na taron yaye ɗalibai. Yayan ya leƙo, ya roƙe shi ya ware su, shi zai gyara da hannu. Shap-Shap ya yi dariya ya danna maɓalli. Wani koren layi ya fara rarrafe a fuskar kwamfuta, yana cin hoto bayan hoto. Ko dubawa bai yi ba, ya goge katin kyamara ya fita wani aikin.

Bayan kwana huɗu tsohon ya rasu.

Da aka share makoki malamar ta zo shago. Aka miƙa mata hoton a cikin ambulan, ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Babu tabo, babu tamoji. Wani mutum ne fes, mai santsin kumatu.

"Wannan wane ne?"

Shap-Shap ya fara kame-kame.

"Ba ni na asalin, ko ba gyara."

Yayan ya karɓi katin, ya gwada duk dabarar dawo da abin da aka goge. Sababbin hotuna sun riga sun hau kai. Ya ɗago ya girgiza kai.

Ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta tura wa Shap-Shap hoton a kan tebur, ta ce, "Jikokinsa za su tambaye ni kamanninsa. Wannan baƙon zan nuna musu?"

Ta fita ta bar hoton a nan.

Darasi: Na'ura sauri ta sani, ba ta san darajar abin da aka ba ka amana ba. Ka adana na asali, ka duba aikinka da idonka, ka kuma saurari wanda ya riga ka a sana'a. Ku tura wa duk mai hoton da kuka sani, tun kafin ya danna.